Tasowar Ƙungiyar Tal National ta Yamai: Kiɗan Gargajiya Cikin Kayan Zamani

1.0 GABATARWA

Tun daga binciken da M. G. Smith ya buga a kan roƙo a ƙasar Hausa cikin 1957, zuwa ga ƙamus ɗin kiɗan Hausa wanda David Ames da Anthony King suka fitar cikin 1971, har ya zuwa nazarin da Ɗandatti Abdulƙadir ya yi a kan Mamman Shata cikin 1975, masana sun fi mai da hankali ga makaɗi guda da iyayen gidansa. Watau a ɗauki mawaƙi, a faɗi asalinsa da abin kiɗansa, a jero waɗanda ya yi wa waƙa, sa'an nan a shiga feɗe salonsa. Wannan hanya ta yi amfani ƙwarai, domin kuwa haka kiɗan yake a wancan zamani. Amma akwai wani irin kiɗa da ya taso a wurin maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar wanda wannan ma'auni ba ya iya ɗaukarsa, saboda mai sunan a cikinsa ƙungiya ce, kuma ba ta jingina da fada ko da wani attajiri ba.

A wannan takarda za a yi ƙoƙarin bayyana yadda ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙungiyoyi, watau Tal National ta birnin Yamai, ta taso daga kiɗan dare a gida har faifanta ya shiga kasuwannin Turai da Amurka ta hannun wani ƙaramin kamfani mai zaman kansa. Abin da takardar take so ta tabbatar shi ne, ƙungiyar ta gama kafuwa a gida kafin a san ta a waje, kuma abin da na waje suka saya shi ne abin da masu rawa na Yamai suka riga suka gwada suka amince da shi. Za a duba tsarin ƙungiyar, da yadda kiɗanta yake tafiya, da hanyar da ta bi zuwa kasuwa. Daga ƙarshe za a waiwayi halin da kayan kiɗan gargajiya suke ciki a ƙasar Hausa ta Nijeriya.

2.0 MA'ANAR WASU KALMOMI

Akwai kalmomi biyu da ya kamata a fayyace tun da fari. Ta farko ita ce fok-rok. Wannan suna ne da aka laƙaba wa wani salon kiɗa da ya bayyana a Amurka wajen 1965, lokacin da mawaƙa waɗanda suka saba rera waƙoƙin mutanen karkara da jita ta katako suka fara rera su da jita mai lantarki da gangunan zamani. A cikin wannan shekara ne Bob Dylan ya hau dandali a bikin waƙoƙin gargajiya na Newport da jita mai lantarki, wasu daga cikin masu kallo suka yi masa ihu, don suna ganin ya ɓata gado. A Ingila kuwa ƙungiyar Fairport Convention ta fitar da faifanta mai suna Liege & Lief cikin 1969, inda ta tono tsofaffin waƙoƙin ƙasar ta sa musu kayan zamani. Ashe ke nan ma'anar kalmar a taƙaice ita ce kiɗan da ruhinsa na gargajiya ne, kayan aikinsa kuwa na zamani. 'Yan Tal National ba su ɗauko salonsu daga waɗannan mutane ba, an dai yi amfani da kalmar a nan ne domin aikin iri ɗaya ne.

Kalma ta biyu ita ce kasuwar masu zaman kansu. Cinikin faifai a duniya yana hannun manyan kamfanoni uku ne, watau Universal da Sony da Warner. A gefensu akwai ɗaruruwan ƙananan kamfanoni, wani ma mutum biyu ko uku ne ke tafiyar da shi, waɗanda jarinsu kaɗan ne, amma sukan ɗauki kiɗan da manyan ba za su kalla ba, kuma galibi sukan bar mawaƙi ya yi abinsa yadda ya ga dama. Waɗannan kamfanoni, tare da ƙananan gidajen rawa da bukukuwan kiɗa na shekara-shekara da 'yan jaridar da ke bibiyarsu, su ne ake nufi da kasuwar masu zaman kansu.

3.0 MAKAƊI DA UBANGIDA A AL'ADAR HAUSAWA

Ba za a gane sabon abin da Tal National ta zo da shi ba sai an tuna da tsarin da aka gada. Malamai sun kasa makaɗan Hausa gida-gida: akwai makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi, akwai makaɗan sana'a na manoma da mahauta da maƙera, akwai makaɗan maza irin su Ɗan Anace mai waƙar 'yan dambe, sa'an nan akwai makaɗan jama'a irin su Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos. Duk da bambancin da ke tsakaninsu, abubuwa uku sun haɗa mafi yawansu.

Na ɗaya, ƙungiyar ta mutum guda ce. Shi ne jagora, shi ke da waƙa, shi ke da suna, sauran kuwa 'yan amshi ne da masu kiɗa da sanƙira. Idan ya kwanta dama, ko dai wani ɗa ya gaje shi, ko kuma yaran su watse. Na biyu, magana ita ce gaba, kiɗa yana bin ta a baya. Kalangun Shata yana riƙe masa kari ne domin ya zuba zance, shi ya sa ake iya rubuta waƙarsa a takarda a yi nazarinta ba tare da an ji kiɗan ba. Na uku, abincin makaɗi kyauta ce: doki, ko riga, ko mota, ko kujerar Makka, daga wanda aka wasa. Wannan ne ya sa al'umma take ɗaukar kiɗa a matsayin roƙo, take jin daɗin makaɗi amma take ƙyamar haɗa zuri'a da shi. A kan waɗannan abubuwa uku ne za a auna ƙungiyar da ake magana a kanta.

4.0 YANAYIN KIƊAN ZAMANI A NIJAR KAFIN 2000

Tal National ba daga sama ta faɗo ba. Bayan samun mulkin kai, ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ta raina sun ɗauki kiɗa a matsayin aikin gina ƙasa. A Gini gwamnatin Sékou Touré ta riƙe ƙungiyoyi irin su Bembeya Jazz, ta umurce su da su koma ga waƙoƙin gargajiya. A Mali an kafa Rail Band cikin 1970 a ƙarƙashin hukumar jirgin ƙasa. A Nijar kuwa, zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, an farfaɗo da samariya, aka riƙa shirya bikin matasa na ƙasa inda kowace jiha take kawo waƙoƙinta da raye-rayenta a yi gasa. Amfanin wannan shi ne, Bazabarme ya saba da kiɗan Damagaram, Bahaushen Maraɗi ya saba da na Agadas, gidan rediyon ƙasa kuma yana yaɗa su duka.

Daga baya aka ƙirƙiro gasar kiɗan zamani wadda aka sa wa sunan Ɗan Gurmu, shahararren makaɗin nan na Tawa, kuma cikin 1989 aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa a Yamai mai ɗauke da sunan Alhaji Taya. Daga wannan cibiya ce ƙungiyar Mamar Kassey ta fito cikin 1995 a ƙarƙashin Yacouba Moumouni, mai busa sarewa, ta haɗa sarewa da molo da kalangu da jita, faifanta na 1999 kuma ya shiga Turai. A arewa, jitar Buzaye wadda Tinariwen suka yi fice da ita tana yawo a kaset daga hannu zuwa hannu. Saboda haka kafin shekarar 2000 kunnen mutumin Yamai ya riga ya saba da jin jita tana magana da harshen gida. Abin da ya ragu shi ne kuɗin gwamnati, domin tattalin arziki ya tsuke, ya zama dole duk ƙungiyar da za ta rayu ta nemi abincinta da kanta.

5.0 KAFUWAR TAL NATIONAL DA TSARINTA

An kafa Tal National a Yamai cikin shekarar 2000. Wanda ya kafa ta shi ne Hamadal Issoufou Moumine, wanda aka fi sani da Almeida, makaɗin jita. An samo sunan ne daga hamadar Tal da ke gabashin ƙasar a jihar Difa, aka ƙara masa kalmar da ke nuna cewa ƙungiyar ta ƙasa ce baki ɗaya. Sunan bai yi ƙarya ba, gama a cikinta akwai Zabarmawa da Hausawa da Fulani da Buzaye, kuma tana waƙa da harsunan waɗannan al'ummu. Wasu waƙoƙin nata na gargajiya ne da aka sake wa tsari, wasu kuma sababbi ne, jigoginsu kuwa sun haɗa da soyayya da zaman lafiya da haƙuri da juna da kyawon mata.

Abin lura na farko shi ne matsayin shugaban. Almeida ɗan boko ne wanda ya yi aikin alƙalanci a kotu a Yamai, ya yi aiki da gidan marayu na SOS, kuma ya taɓa yin suna a ƙwallon ƙafa. A ƙasar da ake kiran makaɗi maroƙi, ganin mutumin da ke yanke shari'a da rana yana riƙe da jita da dare ba ƙaramin abu ba ne. Yana nuna cewa kiɗa yana iya zama aiki irin na ma'aikata, wanda mai shi ba ya durƙusa wa kowa.

Abin lura na biyu shi ne yawan mutane. A lokacin da faifanta ya fara fita waje, ƙungiyar tana da mutum goma sha uku ko kusa da haka, amma shida ne suke hawa dandali a lokaci guda. Dalili kuwa shi ne nauyin aiki. A waɗannan shekaru sukan yi wasa dare biyar a mako, kowane wasa kuma yakan kai awa biyar ba hutawa. Babu hannun da zai jure wannan shi kaɗai, sai aka riƙa karɓa-karɓa: mai ganga ya gaji wani ya zauna a kujerarsa kiɗa bai tsaya ba, mawaƙi ya sauka wani ya ɗauki makirufo. Idan kuma buki biyu suka haɗu a dare ɗaya, sai ƙungiyar ta rabu biyu, kowane ɓangare ya tafi da sunan Tal National.

A nan ne bambanci da tsarin gado ya fito fili. Ba wanda zai gayyaci Shata a aiko masa da ɗan amshi ya yarda. Amma wanda ya gayyaci Tal National, suna da salo ya gayyata, kuma kowane ɗan ƙungiya ya san waƙoƙin duka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wannan tsari ya mai da ƙungiyar tamkar makaranta, inda ƙarami yake koyo a gefen babba har ranar da za a miƙa masa jita.

6.0 YADDA KIƊAN YAKE TAFIYA

Kayan kiɗan Tal National su ne jita biyu masu lantarki, da babbar jita mai kaurin amo, da jerin gangunan zamani, da kalangu, sai kuma muryoyi. Idan aka cire kalangu, ba abin da ya raba su da kayan kowace ƙungiyar rok a Turai. Bambancin yana wajen yadda ake sarrafa su.

A kiɗan Turawa an fi kaɗa tsirkiya uku ko fiye a lokaci guda domin su ba da amo mai kauri, wanda mawaƙi zai ɗora muryarsa a kai. Makaɗin Nijar kuwa yakan riƙi jita kamar yadda ake riƙon molo ko gurmi: yana tsinkar tsirkiya ɗai-ɗai, yana maimaita wani gajeren zance na amo, yana komawa kansa yana ɗan sauya shi. Galibi amo biyar yake yawo a kansu, kamar yadda yake a yawancin kiɗan Sahel. Duk wanda ya taɓa sauraron gurmin Haruna Uje ko kuntigin Ɗan Maraya ya san wannan tafiya. Jita ta biyu ba ta maimaita abin da ta farko take faɗi. Tana shiga ne ta cikin giɓin da waccan ta bari, kamar mata biyu masu luguden daka a turmi ɗaya, taɓaryar wannan tana sauka ta waccan tana tashi. Kunne yana jin zance ɗaya mai sauri, alhali kuwa hannu biyu ne suke yin sa.

Game da kari, yawancin waƙoƙin suna tafiya ne a kan bugu goma sha biyu. Hikimar wannan adadi ita ce yana rabuwa ta hanyoyi da dama: kashi huɗu na uku-uku, ko kashi uku na huɗu-huɗu, ko kashi shida na biyu-biyu. Mai ganga zai iya riƙe rabo ɗaya, mai babbar jita ya riƙe wani, mai kalangu ya bi na uku, duka kuma su riƙa haɗuwa a kan bugu na farko. Shi ya sa mai rawa yake da zaɓi, ƙafarsa ta bi wannan, kafaɗarsa ta bi wancan. Sau da yawa kuma a tsakiyar waƙa sai a juya kari baki ɗaya ba tare da an tsaya ba, abin da ba ya yiwuwa sai ga mutanen da suka daɗe suna kiɗa tare. Masu sharhi a Amurka da Ingila sun yi ta mamakin wannan, har wasu suka kwatanta shi da wani salon rok na can da ake dangantawa da lissafi saboda wuyar karinsa. Ga mutumin Sahel kuwa wannan tsohon abu ne, yana nan cikin takambar Zabarmawa da Buzaye, yana nan cikin kiɗan ƙwarya na matan Hausawa.

Sai matsayin kalangu. Hausa da Zabarmanci harsuna ne masu karin sauti, kuma kalangu yana iya hawa da sauka idan makaɗi ya matse tsirkiyoyinsa a hammata ko ya sassauta. Gangunan zamani ba su da wannan baiwa, amonsu a tsaye yake. A cikin Tal National gangunan zamani ne suke riƙe gindin kiɗa, shi kuwa kalangu an sake shi yana amsa wa mawaƙi, yana zuga masu rawa, yana yi wa jita ba'a. An sauke masa nauyin riƙon kari wanda yake ɗauka a gaban mawaƙin gargajiya, aka bar masa aikin magana.

Sakamakon duk wannan shi ne, kiɗa ya daina zama bara ga waƙa. Murya ta zama ɗaya daga cikin kayan aiki, wani lokaci ma takan yi shiru na tsawon lokaci ana ta kiɗa. Wannan ne ya sa mutumin da ba ya jin ko kalma ɗaya ta harsunan Nijar yake iya sauraron faifan har ƙarshe.

7.0 DAGA SHATALETALEN YAMAI ZUWA KASUWAR DUNIYA

A wancan lokaci babu kamfanin da ke rarraba faifai a Nijar yadda ake yi a Turai. Saboda haka ƙungiyar ta riƙa buga faifanta da kuɗinta, ana sayarwa a bakin titi da shataletalen Yamai da wuraren wasa, gidajen rediyo da talbijin kuma suna sakawa. Ta haka ne sunanta ya game ƙasar. Watau tun kafin ta ji labarin kasuwar masu zaman kansu, ita kanta mai zaman kanta ce, bisa tilas.

Cikin 2008 Almeida ya kawo wani injiniyan sauti daga birnin Shikago mai suna Jamie Carter, ya zo da na'urorinsa ya ɗauki faifan A-Na Waya a Yamai. Ya sake dawowa cikin 2011 aka ɗauki faifan Kaani. A lura da inda aka yi aikin. Ba a kwashi makaɗan an kai su Faransa an haɗa su da baƙin makaɗa domin a sassauta kiɗan ya dace da kunnen Bature ba, kamar yadda aka sha yi wa mawaƙan Afirka cikin shekarun 1980 da 1990. Na'ura ce ta yi tattaki ta iske su a gida, ta ɗauki abin da suke yi kowane dare.

Faifan Kaani ya fita duniya cikin 2013 ta hannun FatCat Records, wani ƙaramin kamfani da ke birnin Brighton a Ingila, wanda ya faro a matsayin kantin sayar da faifai. Wannan kamfani ba a san shi da kiɗan Afirka ba. An san shi ne da ƙungiyoyi irin su Sigur Rós da Animal Collective, waɗanda matasa masu neman baƙon sauti suke saurare. Amfanin haka shi ne, faifan ya faɗa hannun masu sauraron rok, suka auna shi da ma'aunin da suke auna nasu, maimakon a ajiye shi a lungun da ake tara kiɗan ƙasashe masu nisa. Jaridar New York Times ta sa shi cikin fitattun faifan wannan shekara, ƙungiyar kuma ta fara zagayen wasa a Amurka. Faifan Zoy Zoy ya biyo baya cikin 2015, sai kuma na 2018 wanda aka raɗa wa suna da kalmar Hausa, Tantabara.

Yana da kyau a kwatanta wannan hanya da ta wani ɗan Nijar, Mdou Moctar, Buzu mai kiɗan jita. Shi a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, cikin 2008, da irin na'urar gyaran murya ta waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka bazu a wayoyin hannu ta hanyar Bluetooth har Mali, inda wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai ƙaramin kamfanin Sahel Sounds, ya tsince su ya sa ɗaya a cikin wani faifai na 2011. Daga nan likkafa ta yi ta gaba har kamfanin Matador ya fitar da faifansa Afrique Victime cikin 2021. Hanyoyin sun bambanta, ɗaya ta dandali, ɗaya ta waya, amma asalinsu ɗaya: mutanen gida ne suka fara zaɓa, na waje suka bi sawu.

Kada a ɗauka wannan hanya ba ta da ƙaya. Ƙaramin kamfani ba ya da kuɗin da zai wadata mutum goma sha uku, riba tana wajen yawon wasa ne, shi kuwa yana bukatar biza da kuɗin jirgi da zaman lafiya. Annobar korona ta 2020 ta rufe gidajen wasa a duniya. Juyin mulkin Nijar na watan Yuli 2023 ya rutsa da Mdou Moctar da abokan kiɗansa a Amurka, aka rufe iyakoki, suka kasa komawa gida na wani lokaci. Har ila yau, mai sauraro na waje kiɗa yake saye, ba ya jin maganar, don haka akwai haɗarin mawaƙi ya fara sakaci da harshe. Ƙungiyar da take da masu rawa a gida ita ce take iya jure irin waɗannan.

8.0 WAIWAYE GA ƘASAR HAUSA TA NIJERIYA

Tambayar da za ta zo wa mai sauraro ita ce, me ya sa ba a sami irin wannan ƙungiya a Kano ko Zariya ko Katsina ba, alhali nan ne cibiyar Hausa? Ba a rasa waɗanda suka gwada ba. Bala Miller da ƙungiyarsa sun yi waƙoƙin Hausa da kayan zamani a Kaduna cikin shekarun 1970 da 1980. Amma reshen bai yi 'ya'ya da yawa ba. Abin da ya mamaye fage daga ƙarshen shekarun 1990 shi ne fiyano ƙirar Yamaha ta ɗakunan ɗaukar waƙoƙin finafinai, wadda mutum ɗaya yake zama ya fitar da amon kalangu da sarewa da ganga daga cikinta. Tana da araha, tana da sauri, ta kuma samar wa dubban matasa abin yi, wannan ba abin musu ba ne. Illarta ita ce ta raba waƙa da hannun makaɗi.

Ana ganin sakamakon har a karkara. A ƙasar Rano da Kibiya, a garuruwa irin su Fassi, kamar sauran garuruwan kudancin Kano, bukin da a da sai an ɗauko mai kalangu ko mai kukuma, yanzu sau da yawa lasifika da janareta da waya sun wadatar. Manyan da suka riƙe fagen sun tafi: Shata cikin 1999, Barmani Choge cikin 2013, Ɗan Maraya cikin 2015. Yaron da ya gaji kalangu yana ganin ba ya kawo abinci kuma ba ya kawo girma, sai ya rataye shi ya nemi babur. Idan hannu ya manta, faifan da ke ajiye a gidan rediyo ba zai koya wa kowa matsa tsirkiya ba.

Darasin Tal National a nan shi ne, abin kiɗan gargajiya yana rayuwa ne idan an ba shi aiki a cikin kiɗan da matasa suke rawa da shi yau. Kalangun da ke cikin wannan ƙungiya ba ado ba ne, idan aka cire shi kiɗan ya gurgunce. Na biyu, ƙungiya mai suna nata tana iya daɗewa fiye da mutum guda. Na uku, wajibi ne a sami wurin da makaɗa za su riƙa wasa a kai a kai a gaban jama'a, cikin mutunci da kiyaye al'ada da addini, domin ƙwarewa irin wadda aka bayyana a sama ba a samunta a ɗakin ɗaukar sauti. A nan jami'o'inmu da hukumomin raya al'adu na jihohi suna da abin yi, ko da ta hanyar buɗe ajin koyon kalangu da goge da gurmi ne, a ɗauki tsofaffin makaɗa a matsayin malamai a biya su albashi.

9.0 KAMMALAWA

An yi ƙoƙari a wannan takarda a nuna cewa tasowar Tal National ta tsaya ne a kan duwatsun murhu uku: tsarin ƙungiya wanda ya maye gurbin jagora guda, salon kiɗa wanda ya sa jita ta bi tafarkin molo da gurmi ya kuma bar wa kalangu bakinsa, da kasuwa wadda ta faro daga titunan Yamai kafin ta kai Brighton. An kuma nuna cewa shekara goma sha uku na wasa a gida, daga 2000 zuwa 2013, su ne jarin da ƙungiyar ta shiga kasuwar duniya da shi.

Ya rage ga masu nazarin waƙar baka su faɗaɗa ma'auninsu. Hanyar da muka gada ta rubuta baiti a feɗe jigo da salo tana da kyau ga Narambaɗa, amma ba ta isa ga kiɗan da rabin maganarsa a tsirkiya da fata take ba. Ana bukatar ɗalibai waɗanda za su iya bayyana kari da amo da Hausa, su ƙirƙiro kalmomin da babu, su kuma ƙetara iyaka su ji abin da 'yan'uwanmu na Nijar suke yi da gadon da muka yi tarayya a kansa. Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Haka nan nazari.